Baba Danna-Danna

Dariyar mutane ba ta gama lafawa ba na hango shi a kujerar ƙarshe, ya sunkuyar da kai.

A ofishinmu na masu rubuta manhajar waya, ba ma sakin aiki sai mun gwada shi da wani tsoho na ƙarya, Baba Danna-Danna, mai danna maɓalli sau biyar har komai ya rikice. Ni na ƙirƙiro shi. Yau a taron ƙaddamarwa har kwaikwayonsa na yi da yatsa, na ce, "Wallahi a gidanmu na samo shi!" Shaf na manta cewa na gayyato mahaifina wurin.

Da muka isa gida ya ce, "Buɗe min abin naku in gani."

Na miƙa masa wayar. Ya damƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, har rawar da hannun ke yi, wadda ban taɓa lura da ita ba, ta ɗan tsaya. Ya danna sau ɗaya.

Ya ɗago ya dube ni. "Ban ɓata maka ba ko?"