Na'urar da Ta Ce Layi Sumul Ne

Zaharadeen ya juya na'urar rub da ciki, ya kwance kusoshi huɗu, ya zare batir, ya mayar. Karo na uku ke nan tun safe. Osiloskof ce ƴar ƙarama, mai zana tafiyar wutar lantarki a gilashi, kuma duk Kazaure ba malamin kimiyyar da ke ji da kayan wasansa kamarsa.

Da ya sayo ta a Kano, ganinta bai wuce megahaz ashirin ba. Duk wata ƙaramar fizgar wuta da ta fi wannan sauri, wuce ta take yi. Abin ya tsaya masa a rai, har ya faɗa wani zauren masu irin wannan ƙwaƙwa a intanet. Nan ya gamu da wani mai kiran kansa Ɗan Matamaye.

Mutumin kirki, a rubuce dai. Ya nuna masa wasu ƙananan sassa biyu, kafasita, da zai cire daga cikinta, ya turo masa sabuwar manhajar ciki, ya ce yanzu ganinta ya kai ɗari. Da Zaharadeen ya kunna ya ga lambar ɗari a kusurwa, har matarsa Shatu sai da ya kira daga kicin ta zo ta gani. Ta gani, ta koma kan miyarta.

Manhajar na da halinta. Abin murɗawa ya koma bai-bai, sai ka yi hagu lamba ke hawa. Ga ta da ƙamewa ba dalili. Ya tambayi Ɗan Matamaye, ya ce akwai dabarar sake ta da maɓallai, shi kaɗai ya sani tunda shi ya rubuta, zai turo. Bai turo ba. Ranar kasuwar Gwiwa ce ma, kuma shi ba ya amsa saƙo a irin ranar.

Sai ga maganar rijiya. Wani ƙauye a Gwiwa ya yi karo-karo ya haƙa burtsatse uku masu sola, aka ba Ashiru aikin kawo inbata, wato akwatin da ke daidaita wutar sola don injin famfo. Ashiru abokin Zaharadeen ne tun suna zama benci ɗaya, yana zungurinsa da gwiwar hagu in suna rubutu. Ya karanci kwamfuta, ya watsar ya kama sayar da kayan sola.

Baba Kura, shugaban kwamitin rijiyar, ya ce ba za su karɓa ba sai mai ilmi ya duba. Aka ɗauko Zaharadeen da na'urarsa a babur. Ashiru ya tsaya can gefe yana dariya.

"Ni fa ban san kan wannan talabijin ɗin naka ba, mutumina. Ko kunna ta ban iya ba."

Layi ya fito a gilashi sumul, yana hawa yana sauka kamar an ja shi da zare. Zaharadeen ya ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, wutar nan tsaf take." Ya sa hannu a takarda.

Kafin sati bakwai injinan famfo uku duk sun ƙone. Mata suka koma tafiyar awa guda da jarkoki, makiyaya suka karkata da shanunsu wajen Roni. A kasuwa kuwa ba a kiran sunan Ashiru. Malamin da ya sa hannu ake kira.

Zaharadeen ya ɗauko inbata ɗaya ya kai ɗakin gwajin wata kwaleji, aka jona ta da babbar na'ura. Layin ya fito da tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Ya jona tasa a gefe, sumul. Mai kula da ɗakin ya duba ya duba, ya ce manhajar nan ba ta ƙara wa na'urar gani ba, shafe duk wani tsini take yi kafin ta zana. Lambar ɗarin nan ado ce kawai. Zaharadeen ya nemi Ɗan Matamaye a zauren, ya tarar an goge sunan.

Ya ji ciwo, ba kaɗan ba. Amma abin da ya fi cin ransa shi ne Ashiru, wanda ya sayo kaya bisa amana, kuma da na'urar ta faɗi gaskiya da ya mayar wa dila tun da wuri. Saboda haka ya rubuta wasiƙa zuwa ga kwamiti, wadda zai karanta gobe a gaban jama'a: laifin nasa ne shi kaɗai, shi da karambaninsa, Ashiru bai san komai ba.

Bayan la'asar Ashiru ya yi sallama. Ya zauna a tabarma, ya karanta wasiƙar har ƙasa, ya share ido da bayan hannu.

"Wallahi irinka sun yi kaɗan, Zaharadeen."

"Bari in nuna maka yadda ta yaudare ni."

Ya kunna, ta zana rabin layi, ta ƙame. Ya ja tsaki ya miƙe neman sukundireba. Daidai nan wayar Ashiru ta yi ƙara, ya kara ta a kunnen dama yana faɗa da wani direba a Babura kan kayan da aka sauke ba daidai ba. Idonsa na kan bango, hankalinsa na can.

Zaharadeen ya juyo da sukundireba a hannu, ya tsaya cik. Hannun Ashiru na hagu ya riga ya lallaɓa kan na'urar, ya danne maɓallai biyu tare, ya murɗa hagu sau uku, layin ya ci gaba da tafiya sumul.