Hannun Muttaka

Asta na tankaɗen garin gero aka shigo mata da ɗanta Muttaka, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Naɗin ya ƙare a wuyan hannu. Babu komai gaba da nan.

Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta zaunar da shi ta yi masa tambaya. Ta dube shi sau ɗaya, ta mai da ido kan rariya.

Tun bara waccan ya tafi Gusau koyon harhaɗa manyan injuna a wani kamfani, yana miƙa wa ogansa sifana, yana shafa giris. Ga shi ya dawo a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da duk Zurmi babu zance sai na hukuncin ɓarawo.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Wani direban Ƙaura ya ce ya ji an kama yaro da ƙarafan kamfani. Mai shayi ya ƙara da cewa a gaban alƙali ya amsa laifinsa. Duk wanda ya tambayi Muttaka kuwa, sai ya ce, "Ƙaddara ce," ya sunkuyar da kai.

Iyayen Mubaraka, yarinyar da yake nema, suka maido da kayansa. In ya je masallaci, sai ka ga mutane suna shiga da takalmansu a hammata. Ya daina bi ta layin mai injin niƙa, don da ya ji ƙarar sai gumi ya keto masa.

Asta ta yi ta ƙaryata mutane da baki, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ran nan za ta gidan suna, har ta kai zaure, ta dawo ta sa wa ɗakinta kwaɗo. Tana juyowa suka haɗa ido da shi.

Washegari ya fita sallar asuba bai dawo ba. Wasu suka ce sun gan shi a motar Shinkafi, wasu suka ce ya ƙetare iyaka. Damina ta zo ta wuce, ko saƙo babu.

Wata ranar kasuwa aka yi sallama. Ta leƙo zaure, ta tarar da wani mutum yana dogara sanda, riƙe da rago a igiya. Ya ce shi ne Labbo, ogan Muttaka.

"Inna, a gafarce ni, na daɗe kwance asibiti. Ina yaron nawa? Wanga rago nashi ne."

Ta dubi ragon. "Na mi?"

"Au, bai gaya miki ba? Haka shike, ba shi son a yabe shi. Bel ɗin inji ya kama rigata yana ja na ciki, kowa ya watse. Shi kaɗai ya cusa hannu ya fizgo ni."