Ƙarfen Garejin Oga Bulus

Ina ɗan shekara tara Baba ya tafi da ni garejin Oga Bulus a Makera, inda masu ɗaga ƙarfe ke taruwa ran Asabar da yamma. Akwai wani ƙarfen ƙafar tirela a wurin, an zuba masa siminti gefe da gefe. Babu wanda ya taɓa raba shi da ƙasa sai Baba, shi ma tun yana saurayi.

Ran nan samari suka yi ta tsokanarsa: "Baba an tsufa, a bar wa yara!"

Ya shafa toka a tafin hannunsa, ya sunkuya, ya kama. Ƙarfen ya taso a hankali har gwiwa, har cinya. Jijiyoyin wuyansa suka tashi ruɗu-ruɗu, jini ya ɗigo daga hancinsa. Ya miƙe tsaye da shi, sannan ya sake shi. Wurin ya kaure da ihu.

Yana dariya ya dafa kafaɗata muka fito. A bakin titi na ji nauyinsa duka ya sauko mini.

"Baba, in kira Oga Bulus?"

"A'a. Yi tafiya a hankali, kamar hira muke yi. Suna kallonmu."

Na waiga. Babu mai kallonmu, duk sun koma kan ƙarfen. Na ce, "To, Baba," muka yi ta hirar ƙarya har gida.

Yanzu ni nake ɗaga shi daga gado zuwa kujera kowace safiya, kuma rashin nauyinsa ne yake tsorata ni.