Kofin Ɗakin Yara

Sau biyu ina soka allura a hannun jaririyar, jijiya ta ƙi samuwa. Gudawa ta tsotse ta, ga ruwan da za a ƙara mata a rataye. Uwar ta zuba min jajayen idanu.

"Kira Mai Kofi," in ji likita.

Haka muke kiran wata nas a ɗakin yara, don kullum za ka gan ta riƙe da kofi mai murfi hannu bibbiyu. Tun kafin lokacin aikinta take zuwa ta jona butar shayi. Makaranta ɗaya muka yi, ta dai riga ni gamawa, amma yara ba sa tsala ihu a hannunta. Na sha tambayar kaina: laƙani gare ta, ko sa'a ce?

Ta shigo, ta miƙa min kofin, ta rufe ɗan hannun jaririyar a cikin tafukanta.

"Maman yarinya, wannan hancin na babanta ne ko?"

Uwar ta ɗan murmusa. Da Mai Kofi ta buɗe tafukan, sai ga jijiya ta taso kamar zare. Suka ɗaya, ruwa ya fara ɗiga.

Ɗumin kofin ya ratsa yatsuna masu sanyi. Na ɗaga murfin. Ruwan zafi ne zalla, cike fal.

"Yaya, ashe ba shayi ba ne?"

"Ba na ciki ba ne, na hannu ne," ta ce. "Riƙe shi da kyau, gado na gaba naki ne."