Wayar Inna Tabawa Ta Amsa Mata

Tun da aka daina tambayar mutane ra'ayinsu, wayoyinsu ke sauraron hirarsu, su amsa a madadinsu. Da gidan rediyo ya ce kashi tamanin cikin ɗari na mutanen yankin suna son ɓallewa daga ƙasar, Inna Tabawa ta yafa mayafi ta nufi ofishin ƙidayar ra'ayi.

"Ɗan nan, duba mini, a ina aka sa ni?"

Ma'aikacin ya karɓi wayarta ya duba. "Kina cikin masu so, Inna."

"Ni? 'Yata Uwani na aure a hayin kogi. Idan aka raba ƙasar, da biza zan je ganin jikokina?"

"Ranar da kika rasa magani a asibiti, kin ce kin gaji da ƙasar nan."

"To wa bai gaji ba?"

"Shi ya sa muka kai tamanin," ya ce a hankali. "Ni ma ina ciki, kuma matata 'yar can ce."

"A cire ni."

"Sai dai ki yi ta yabon ƙasar, wataƙila wayar ta sauya miki kafin a rufe gadar kogin."

Ta fito bakin titi, ta kara wayar a bakinta. Har aka kira la'asar tana tsaye tana neman abin yabo, ba ta samu ba.