Zanen da Ake Kaiwa Bakin Tafki

Yusnimar ba ta da uwa yanzu, kabarin uba kuwa dama ba ta taɓa samu ba. Tana 'yar shekara shida aka ce mata kwalekwalen babanta, Bahar, ya kife a tafkin Maninjau, ruwa bai dawo da gawar ba. A makon ne uwarta ta ɗaure kaya ta tafi da ita birnin Palembang mai nisa, ba su sake waiwayar ƙauyen ba. Duk sanda Yusnimar ta yi zancen zuwa, sai uwar ta ce idonta ba zai iya kallon wannan ruwa ba.

Abu ɗaya ta iya yi wa mahaifinta. Tun da ta fara sayar da shinkafa da miya a bakin tasha, duk gabatowar azumi takan sayi zanen maza mai kyau, ta ba Kawu Darwis, yayan uwarta, ya kai wa wani tsoho da ke kwana a ƙaramin masallacin bakin tafki. Kawun ya ce tsohon ne yake yi wa Bahar addu'a, shi ya sa take masa wannan sadaka.

Bayan arba'in ɗin uwar, ta ce za ta je. Gidansu na katako mai dirkoki da ke bakin ruwa nata ne yanzu, don a al'adarsu gadon gida ta wajen mata yake bi. Miji baƙo ne, ranar da dangin matarsa suka fitar masa da kayansa waje, sai ya nemi makwanci a masallaci. Tana so ta ga gidan. Tana kuma so ta durƙusa ta gode wa tsohon, ta tambaye shi ko ya san daidai inda kwalekwalen ya kife, ta samu wurin da za ta fuskanta in tana addu'a.

"Gidan da gara ta cinye za ki je gani?" in ji Kawu Darwis.

"Ko garar ce zan gaisa da ita, Kawu. In ba za ka kai ni ba, motar haya ba ta ƙare ba."

Kawun ya ɗauki makullin tsohuwar motarsa.

Tafiyar ta ƙi ci. A garin farko ya ce birki yana masa gardama, suka wuni a gareji, bakaniken ya duba ya ce shi dai bai ga komai ba. Washegari ya tuna da wani abokinsa da ya wajaba a ratse a gaida. Wayarsa ta yi ta ƙara daga ƙauye, ya leƙa fuskarta ya mayar aljihu. Yusnimar ta rungume sabon zanen a cinya, ta ce a ranta tsufa ne ya kama kawunta.

Suna cin abinci a wata rumfa ta bakin hanya wayar ta sake ƙara. Wannan karon ya tashi ya koma bayan mota ya amsa. Ta hango leɓensa yana salati. Da ya dawo ya wanke hannu, bai ƙarasa shinkafar ba.

"Tashi, 'yar nan, kin cika nawa."

"Yau kuma ni ce mai nawa? Birkin fa?"

"Ya gyaru."

Daga nan bai ƙara tsayawa ba sai shan mai da salla. Da hantsin washegari suka gangaro kwana-kwanar hanyar dutsen da ke sa mutum jiri, tafkin ya bayyana a ƙasa, shuɗi, shiru, kamar bai taɓa cin kowa ba.

Gara ba ta taɓa gidan ba. An share ƙarƙashinsa, an toshe rufin da sabon kwano, matakalar da ta karye tun tana yarinya an sake ta da sabuwa. Lilon da ke jikin gwaiba yana nan, da sabuwar igiya, alhali ba yaro a gidan. Yusnimar ta juya za ta tambayi kawunta, ta ga bai fito daga mota ba.

Wata tsohuwa ta ɓullo daga maƙota tana dogara sanda. Goggo Sinar ce, wadda ta yi mata kitso tana ƙarama. Ta ƙare mata kallo, ba ta amsa gaisuwa ba.

"Sai yanzu? Bayan an rufe shi jiya?"

"Wa aka rufe, Goggo?"

"Ji min yarinya! Tsohon masallaci mana. Kawunki ya ce kuna hanya, muka yi ta kiransa har wayarmu ta gaji. Bawan Allah yana numfashi da ƙyar yana tambaya ko mota ta iso." Ta nuna zanen da sandarta. "Ga wani ma kin kawo. Duk shekara zane, zane, ƙafarki ta fi ƙarfin zuwa. Kawunki ya ce masa sana'a ta riƙe ki. Tsohon ko ɗaya bai ɗaura ba, ya ce sai ranar da kika zo ki gan shi a ciki."

Yusnimar ta waiwaya. Kawu Darwis ya ɗaga gilashin motar, ya zuba wa tafki ido.

Wanda ya karanta wannan, ya taya ta cewa amin. Allah ya jiƙan tsohon masallaci, wanda surukansa suka fitar masa da kaya waje, ya tsufa yana share gidan da aka kore shi daga ciki, ya rasu yana zaton 'yarsa ta san yana raye ta ƙi zuwa. Allah ya jiƙan Bahar, wanda bai taɓa nutsewa ba.