Kwanar Tambaya

"Kai ni Kwanar Tambaya," wata dattijuwa ta ce wa mai babur a tashar Salaga.

Zalia, da ke tsaye kusa, ta ji haka ta fasa shiga motar Yendi. Tun farkon hutu kullum tana gindin wani dogonyaro a unguwar Zango, tana tambayar mutane yadda wuri ke samun suna. Malaminta na tsara birane a jami'a ya ce ko ta kawo sabon sunan wuri da asalinsa, ko ta maimaita shekara. Amsar kowa ɗaya ce: "Haka muka taso muka ji."

Wannan sunan kuwa ba ta taɓa jin sa ba. Ta haye wani babur. "Bi su, kada su ɓace mana."

Suka ratsa kasuwa, suka wuce masallaci, suka tsaya a gindin dogonyaronta.

Ta sha gaban dattijuwar. "Mma, me ya sa ake kiran nan Kwanar Tambaya?"

"Ni baƙuwa ce daga Bawku, 'yata. Wai wata 'yar jami'a ce ke tsayawa nan, duk wanda ya gifta sai ta tsare shi da tambaya." Ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce, ko?"